Tsohuwar Kwamfuta: Ta Wace Kafa Kaya Suka Fi Saurin Wucewa?

Damagum gari ne a bakin babban titin da ya tashi daga Potiskum ya nufi Damaturu da Maiduguri, kuma shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe. A nan, kamar sauran garuruwan Arewa masu girmansa, akwai samari waɗanda abincinsu ya rataya ga kwamfuta guda ɗaya. Wani yana buga wa jama'a takardu, wani yana tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a wayoyi da memori, wani kuma yana haɗa bidiyon biki da na suna. Akasarin kwamfutocin nan na hannu ne. Sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka, suka biyo jirgin ruwa zuwa Legas, sa'an nan suka hauro Kano ko Potiskum, inda yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya je ya saya.

To, jama'a masu karatu, in kun lura da yadda a ke cinikin irin wannan kwamfuta, za ku ji tambayar mai saye ba ta wuce biyu: giga nawa ne faifanta, kuma batirinta yana riƙe wuta? Da wuya ka ji wanda ya juya ta ya dubi kafofin da ke gefenta ya tambayi irinsu. Alhali kuwa ga mai sana'ar kwashe kaya daga wannan faifai zuwa wancan, waɗannan 'yan kafofi su ne ke yanke ko aiki zai ƙare cikin rubu'in awa, ko kuwa zai cinye yini guda. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa da janareta ya yi yana ruri kuɗi ne ke ƙonewa, saboda haka maganar ba ta 'yan boko kaɗai ba ce.

Kafin mu shiga kafofin sai mu warware wani ruɗani na awo, domin a nan ne a kan yi wa mutane dabara. Akwai megabit, akwai megabayit. Bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Kamfanoni sun fi son rubuta saurin kafa da megabit domin lambar ta fi cika ido, amma kwamfutarka da megabayit ta ke auna fim ko hoto. Watau in ka ga an rubuta 480 a jikin kwali, sai ka raba takwas, ka sami 60. Kuma ko 60 ɗin ba za ka gan ta ba, gama wani kashi na hanyar yana tafiya wajen gaisuwa da tambayoyi tsakanin na'urorin biyu, kowace tana tabbatar wa 'yar'uwarta cewa saƙo ya iso lafiya. Duk lambar da zan kawo nan gaba in ban ce megabit ba, to megabayit ce a kowace daƙiƙa.

Mutanen Potiskum, da Allah ya hore wa sana'ar manyan motoci, sun san cewa isar kaya da wuri ya dogara ga 'yan dakon da ke lodi, da hanyar da mota za ta bi, da kuma masu saukewa. In ɗaya ya yi nawa, sauran biyun sai su zauna jira. Haka kwashe kaya a kwamfuta ya ke. Faifan da a ke karantawa shi ne mai lodi, kafa da kebul su ne hanya, abin da a ke rubutawa a ciki shi ne mai saukewa, kuma wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke da iko da agogo.

Faifan ajiya kansa tsohon abu ne. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956, da faya-fayai 50 a jere, girmansa ya kai na firiji biyu, kuma abin da ya ke ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, watau ko hoto biyu na wayar zamani ba lalle ya riƙe ba. Har yau tsarin bai sauya ba: faifai yana juyawa, wani ɗan hannu yana yawo a kansa yana karatu da rubutu. Na kwamfutar cinya ya kan juya sau 5,400 a minti, na kwamfutar tebur sau 7,200. Faifan farkon shekarun 2000 ya kan ba da tsakanin 30 da 50. Ƙaramin faifai mai giga 500 ko 1,000 irin wanda a ke yawo da shi a aljihu ya kan ba da wajen 100 in yana da lafiya, ya ragu in ya kusa cika, domin karatu a bakin faifai ya fi sauri bisa karatu a kusa da cibiyarsa. Ku riƙe wannan 100 ɗin, da ita za mu auna kowace kafa.

A cikin kwamfutocin tebur na zamanin Pentium 3 da Pentium 4, faifai yana haɗe ne da wani kebul mai faɗi kamar ɗamara, wanda a ke kira IDE. Tsarin ya samo asali tun 1986, aka yi ta ƙara masa sauri daga 33 zuwa 66, zuwa 100, har 133 a 2001. A nan akwai wani tarko da ya kama masu gyara da yawa. Kebul ɗin iri biyu ne, mai silin waya 40 da mai sili 80, kuma bakinsu ɗaya ne, kowanne zai shiga. In aka sa mai 40, kwamfuta za ta tsaya a 33 ko da faifan da allon suna iya 100. Mai 80 silinsa sun fi siriri, kuma sau da yawa bakin da ke shiga allo shuɗi ne. Har wa yau kebul ɗaya ya kan ɗauki na'ura biyu, amma ɗaya ce ke magana a lokaci guda, saboda haka wanda ya jera faifai biyu a kebul ɗaya yana kwashewa daga wannan zuwa wancan ya sa su bin layi. Bugu da ƙari, Windows XP tana da wata ɗabi'a: in ta yi ta samun kuskuren karatu, kamar yadda kan faru da faifan CD mai ƙarzuwa, sai ta sauke wannan layin daga tsarin DMA mai sauri zuwa tsohon tsarin PIO, ta bar shi a can ba sanarwa. Daga nan sai ka ga kwamfuta ta koma kamar mai ciwon ƙafa, sauti yana sarƙewa, mai ita yana zargin ƙwayar cuta, alhali gyaran bai wuce a shiga wurin lura da na'urori a mayar da layin kan DMA ba.

SATA, mai siririn kebul, ta maye gurbin IDE daga 2003. Ta farko tana ɗaukar 150, ta biyu ta 2004 tana ɗaukar 300, ta uku ta 2009 kuwa 600. Mai sayarwa zai so ya yi maka ado da waɗannan lambobi, amma ga faifai mai juyawa wanda bai wuce 100 ba, ko ta farkon ta ishe shi. Jakin da ke tafiyarsa a turba ba ya ƙara sauri don an kai shi kan kwalta. Inda bambancin ke fitowa shi ne in an sa SSD, watau ma'ajiyar da ba ta da abin juyawa. Ita ta kan kai wajen 550 a SATA ta uku, ta tsaya wajen 270 a ta biyu. A ganina ko a SATA ta biyu aka sa ta, babu wani kuɗi da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa nan take kamar wannan, domin SSD ba ta ɓata lokaci wajen neman inda fayil ya ke.

Yanzu sai kafofin waje, inda mafi yawan ɓacin rai ya ke. USB ta fito a 1996. Samfurin 1.1 na 1998 megabit 12 ne, watau a aikace wajen megabayit 1. Ya wadatar ga allon rubutu da firinta, amma faifai ba wurinsa ba ne. A 2000 aka fito da 2.0 mai megabit 480, wadda a aikace ta kan tsaya tsakanin 30 da 35. Ita ce ke jikin kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga 2003 zuwa 2011, watau irin waɗanda suka cika kasuwannin kayan hannu. Samfurin 3.0 an tsara shi a 2008 da megabit 5,000, amma bai zama ruwan dare ba sai 2012, lokacin da Intel ta sa shi a cikin allunanta kai tsaye. A kan gane kafarsa da shuɗin harshe a ciki, ko da haruffan SS a gefe.

Mu yi lissafi da giga 100, gwargwadon abin da mai tura fina-finai zai so ya kwaso daga faifan abokin sana'arsa in sababbin kaya sun zo daga Kano. Ta USB 1.1 zai yi kusan awa 28, watau kwana da yini. Ta 2.0, a kan 30, minti 55 ne. Ta 3.0, inda faifan zai saki jikinsa ya yi 100, minti 17 ne. In kuwa faifan giga 1,000 ne cike, 2.0 za ta ci fiye da awa tara, 3.0 kuma ƙasa da awa uku. Mai janareta sai ya auna man awa shida da ke tsakani.

To, amma fa wanda kwamfutarsa ba ta da shuɗiyar kafa kada ya yi saurin yanke ƙauna, domin akwai wata kafa da mutane ke kallo kullum ba su san aikinta ba. Sunanta eSATA, an tsara ta a 2004, kuma ba wani abu ba ce illa SATA ta ciki da aka fito da bakinta waje. Kwamfutocin ofis na 2010 da 2011 da yawa suna da ita, irin su Dell Latitude E6410 da E6420, da HP EliteBook 8440p, da Lenovo ThinkPad T420. A jikinsu an haɗe ta da USB a rami ɗaya, shi ya sa mutum zai shekara yana soka filash a ciki bai san rami biyu ne a ɗaya ba. Faifan da aka haɗa ta wannan kafa yana gudu daidai da wanda ke cikin kwamfutar, watau ninki uku na USB 2.0. Abin da a ke bukata shi ne kwanson faifai mai bakin eSATA da kebul ɗinsa. Sai dai a lura, eSATA zalla ba ta ba da wuta, dole kwanson ya sami wutarsa daban. Mai haɗe da USB ɗin ce ke iya ciyar da ƙaramin faifai, in an sami kebul ɗin da aka yi domin haka. Waɗannan kaya sun yi wuya a kasuwa yanzu, gama USB 3.0 ta kashe musu ciniki, amma wanda ya ci karo da su a shagon tsofaffin kaya ya tsinci dami a kala.

Akwai kuma FireWire, wadda Apple ta assasa, aka amince da ita a 1995, Sony kuma ta kira ta i.LINK. Lambarta 400 ce, ta USB 2.0 kuwa 480, amma a doguwar kwasa ta kan riga USB ɗin, ta yi kusan 40, domin ba ta damun ƙwaƙwalwar kwamfuta da yawan tambaya. Mai 800 ta kan kai 70 zuwa 80. Masu ɗaukar bidiyo na shekarun 2000 sun san ta sarai, da ita a ke sauke kaset ɗin MiniDV. Duk wanda ke da irin waɗannan kaset na bikin iyaye ko na wani taron gari ya sani cewa saukewar ba ta da gajeriyar hanya: kaset na awa guda awa guda zai ci, ya kuma cinye wajen giga 13. Ya kamata a sauke su tun kyamarori da kwamfutocin da ke da wannan kafa ba su ƙare ba.

Kebul ɗin sadarwa da a ke haɗa kwamfuta biyu da shi ma hanya ce. Kafa mai megabit 100 tana ba da wajen 11, watau awa biyu da rabi ga giga 100 ɗinmu, ta fi USB 2.0 nawa nesa. Mai megabit 1,000 kuwa tana ba da wajen 110, kuma yawancin kwamfutocin ofis da na ambata suna da ita. Sharaɗin shi ne ɓangarorin biyu su zama masu 1,000, kebul ɗin kuma ya zama mai sili takwas cikakku. Akwai na araha masu sili huɗu, su kan mayar da kai 100 ba tare da ka sani ba.

Ko shuɗiyar kafar ma tana da nata sharuɗɗa. Windows 7 ba ta san USB 3.0 da kanta ba, sai an sa mata direban kafar. Windows 8 ta 2012 ce ta fara zuwa da shi. Sau da yawa mai gyara zai sake wa kwamfuta Windows 7 ya manta da wannan direba, sai kafar ta mutu ko ta koma gudun 2.0. Kebul ma haka: ƙananan faifan waje masu 3.0 suna da baki mai faɗi mai tsaga biyu, kuma kebul ɗin cajin tsohuwar waya yana shiga rabinsa, faifan ya tashi, amma a gudun 2.0. Haka nan ɗan akwatin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, in na 2.0 ne, duk abin da aka soka masa ya zama 2.0, kuma su huɗun za su raba 30 ɗin a tsakaninsu. A tsofaffin kwamfutoci ma kafofin jiki da yawa hanya guda su ke tarayya a kai, shi ya sa kwashewa daga faifan waje zuwa wani faifan waje ta kan faɗi ƙasa da abin da kowannensu zai yi shi kaɗai.

Maganar wuta ta fi ta sauri haɗari. Kafar 2.0 miliamfa 500 aka yi ta ta bayar, ta 3.0 kuwa 900. Ƙaramin faifai ya kan nemi fiye da 500 lokacin da zai fara juyawa. In ka ji faifai yana ƙyas-ƙyas, yana bayyana yana ɓacewa, sau da yawa yunwar wuta ce, musamman a kafofin gaban kwamfutar tebur ko da dogon kebul. Sai a koma kafofin baya, ko a nemi kebul mai kai biyu. Faifan da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu na iya rasa abin da ke ciki, kuma ga mai tura fina-finai wannan jarinsa ne gaba ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40, faifan da ya yi awa tara yana aiki a cikin kwanson roba yana kusantar iyakar da masu ƙera shi suka yanka, wadda ba ta wuce 55 zuwa 60 ba. Kafa mai sauri tana rage masa wannan zama a cikin zafi.

Wanda ba shi da 3.0 ko eSATA yana iya ƙara wa kwamfutarsa. Ta tebur a kan sa mata kati a ramin PCI Express. A guji katin da ke shiga tsohon farin ramin PCI, domin wannan 133 ne gaba ɗaya, kuma duk katunan da ke kansa raba shi su ke yi. Ta cinya, in tana da ramin ExpressCard a gefe, akwai katin da ke ba ta kafar 3.0, ko da ya ke ya kan gaza wajen ba faifai isasshiyar wuta. Wata dabarar ita ce a zare na'urar DVD, wadda yanzu ba kowa ke amfani da ita ba, a sa wani gida mai ɗaukar faifai na biyu a gurbinta. Mai kwamfutar tebur kuwa in kwasar babba ce, ya fi masa ya buɗe murfi ya haɗa faifan a SATA kai tsaye, sai dai waɗansu faifan waje an narka musu bakin USB a jikin allonsu, ba su da bakin SATA ko an fasa kwanson.

Duk da haka kada mai tura kaya ya zaci shuɗiyar kafa za ta rage layin da ke gaban shagonsa. A can mai saukewa ne ke da nawa. Memori mai lamba 4 a cikin da'ira alkawarinsa megabayit 4 ne a rubutu, mai lamba 10 kuma 10, ban da jabu waɗanda ba su cika ko wannan. Yawancin wayoyin araha, har da masu sabon baki irin na USB-C, a gudun 2.0 su ke. Fim mai megabayit 500 a memori mai lamba 4 zai ci minti biyu da 'yan daƙiƙu, ko ta wace kafa aka bi. Abin da zai taimaka a nan shi ne a cire memorin daga waya a sa shi a na'urar karanta memori mai kyau, a kuma yi wa mutum biyu ko uku aiki a lokaci guda. Ribar kafa mai sauri tana wajen cika faifai da kuma yin kwafin ajiya.

Girman fayil ma yana da tasiri. Fim ɗaya mai giga 2 zai wuce a guje, amma hotuna ko waƙoƙi dubbai waɗanda jimlarsu giga 2 ce za su ci ninkin wannan lokaci sau da yawa, domin kowane fayil sai hannun faifai ya tashi ya nemo wurinsa, ya kuma koma ya rubuta sunansa a rajista. Mai shagon buga takardu da ke son ajiye kwafin ƙananan fayiloli masu yawa zai sami sauƙi in ya dunƙule su wuri guda tukuna. Filash da memori masu tsarin FAT32 kuma ba su karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ko da akwai wuri. Sai an sauya su zuwa exFAT ko NTFS.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mai niyyar sayen kwamfuta ta hannu ya tafi da faifansa na 3.0 da kebul ɗinsa na asali, da fim ɗaya mai giga 2 ko 3 a ciki. Ya soka a kowace kafa ya kwashe, ya ƙyale lambar farko da za ta yi tsalle, gama wannan ƙwaƙwalwar wucin gadi ce ke haɗiya, ya jira rabin minti ya ga inda ta zauna. In ta zauna wajen 30, kafar 2.0 ce ko mene ne launinta. In ta haura 80, hanya a buɗe ta ke. In ta yi ƙasa da 10 a kan babban fayil, akwai cuta a faifai ko a kebul. Akwai ƙananan manhajoji biyu na kyauta da za a iya ɗauka a filash: CrystalDiskMark mai auna gudu, da CrystalDiskInfo mai karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da lafiyarsa. Na biyun zai nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi, da yawan gurabun da suka lalace aka sauya. Shekara guda awa 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna 30,000 ya yi fiye da shekara uku yana juyawa ba hutu. In manhajar ta nuna alamar rawaya, sai a nemi mai kaya ya sauya faifan, ko a rage kuɗin sabo daga farashin kafin a biya.